Ranar da Labbo Ya Kwance Bakin Jaka

A Rijiyar Ɗorowa, bayan la'asar,
inda inuwar dogonyaro ke taɓa bangon majema,
akwai gurabu talatin cikin ƙasa
da suka girmi rabin masu zama.
Nan Labbo ke kafa gwiwa.
Hannunsa ja ne da rinin fata,
warin bagaruwa ba ya barinsa ko ran Juma'a.

Shekara ashirin ina zama gabansa,
ni da tsinke, shi da tsakuwa.
Sau huɗu na ci shi, ina da lissafi.
Biyu daga ciki yana fama da zazzaɓi.

Amma in ya tashi, fili nawa ne.
Dabara uku na sata da ido daga yatsunsa,
da su na sha shayin mutane shekara da shekaru,
har yara na ce mini Ƙaramin Labbo,
ni kuwa ban taɓa hana su ba.

Sai wata Talata, ba wanda ya roƙe shi,
ya kwance bakin jaka.
"Ku matso," in ji shi, "ku ga yadda aka ɗaurin doki."
Ya nuna gurbin da ake bari fanko da gangan,
da ɗan da ake bayarwa a ci, don a ci uku,
da yadda ido ke kiwo hagu
alhali zuciya na dama.
'Yan kabu-kabu suka kashe inji.
Mai rake ya manta wuƙa cikin gaɓa.

Nahantsi ya ja ni gefe:
"Wanga tsoho lahiya tai?
Wa ka raba iri ga maƙwabta
sannan shi yi kukan hatsi ya faɗi kasuwa?"

Ban tanka ba, ina ƙirga asara.
Rumbun da aka buɗe ai nawa ne.
Kafin wata ya mutu
Anaruwa, yaron da ke kawo muna ruwan sanyi,
ya ci ni sau uku a jere yana ɓarar gyaɗa,
da dabarar da na ɓoye shekara sha ɗaya
kamar laya cikin hula.

Shi kuwa Labbo cinsa yake yi.
Kowa ya je ya tsare ƙofar da ya nuna,
ya san inda kowa ke tsaye,
sai ya diro ta katanga.
Na ce ashe tarko ne ya yi wa rigar kyauta.
Na gaya wa Nahantsi, muka tafa,
na samu barci.

Sai daminar bana.
Ƙasa da laima, gurabu sun yi zurfi,
Anaruwa ya tanƙwashe ƙafa gaban tsoho.
Ya miƙa ɗa, Labbo ya ƙi ci.
Ya sake miƙawa, Labbo ya ci.
Dara ta ci gida.
Aka yi tsit har ana jin akuya na tuƙa bayan zana.

Labbo ya daɗe yana duban ƙasa,
sannan ya yi dariya har jan goro ya bayyana:
"Shekara talatin ina wasa da inuwata.
Yau na samu mutum."

Na raka shi gida, muna tsallake kwata.
Na ce, "Nawa ka bayar, nawa ka rage?"
Ya ce, "Duk abin da baki ka iya faɗi, na faɗi.
Saura, ni ma ban san sunanai ba."
Ya tsaya ya kakkaɓe takalmi.
"Kai ko, Dikko, shekara ashirin kana kallon yatsuna,
ba ka taɓa kallon dara ba."

Daren nan barci bai zo ba.
Da asuba na tona gurabu talatin a tsakar gida,
na tsuguna ina dubansu,
Ige na tsaye da buta tana tambaya
wace irin shuka ce wannan
da ba a zuba mata iri.